Takardar da Tsohuwa Ta Ƙi Buɗewa

Ranar Litinin ta farkon wata Ƙaramin Lauya ya sa aka ajiye sabuwar kwamfuta a kan teburina, ko ledarta ba a gama yagewa ba. Ya ce zuwa ƙarshen wata yana son duk takardun ofishin nan su koma cikinta, tsohuwar kuma a kai ta sito. Da ya ce tsohuwar, ba kwamfutar yake kallo ba. Furfurata yake kallo.

Ni ne mai buga takardu a ofishin, shekara ashirin da shida. Saura mini shekara biyu in kai lokacin ritaya, in fita ta ƙofar gaba kamar mutum. Iyakar abin da nake nema ke nan, shekara biyun nan. Shi kuwa so yake ya ga ko sabuwar na'urar za ta fitar da takardar haya da ta sayar da fili ba tare da ni ba. In ta fitar, tawa ta ƙare. Bai faɗa da baki ba. Lauya ne, ba ya faɗin abin da za a riƙe shi da shi.

Mahaifinsa, Babban Lauya, shi ya ɗauke ni aiki. Bara shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a gida, ɗan ya hau kujerarsa. Na san shi tun yana zuwa ofis da gajeren wando yana kirana Kawu. Shi ne ya taɓa cusa biskit a ramin faifan kwamfutar, ni na sha faɗan. Yanzu Malam yake ce mini, yana jan kalmar kamar mai zare tsinke daga haƙori. Ni kuma ina ce masa ranka ya daɗe, da muryar wanda ba zai damu ba in addu'ar ta ɓata a hanya.

Tsohuwa nake kiran kwamfutar tawa. Fara ce da can, yanzu ta koma kalar haƙorin mashayin taba. Manhajar rubutun da ke cikinta ta girmi ɗana na biyu. Gilashi baƙi, haruffa korra, ba hoto ba ado. Ciwonta ɗaya ne: ƙwaƙwalwarta, wato wurin da take riƙe abin da ake aiki a kansa a lokacin, ƙanƙanuwa ce, manhajar kaɗai kuma takan cinye kusan dukkanta. Saboda haka kowace safiya sai da lallashi. In zare linzamin da ake ja a kan tebur, don shi ma yana da ɗan gurbin da yake ci. In hana ta tayar da komai sai manhajar. Firinta kuwa ba a kusantarta sai an gama rubutu an adana. Ka saɓa wannan tsari, sai ta rubuto maka layi ɗaya, babu isasshiyar ƙwaƙwalwa, ta yi gum kamar surukar da aka gaisar a tsaye.

Ko an bi tsarin, takardar da ta wuce shafi goma sha biyu ba ta ɗauka. Lauyoyi kuwa ba su iya cewa kada a kiwata akuya a gidan haya ba sai sun ci rabin shafi. Sai na yi dabara, kuma ita kaɗai ce dabarar da na taɓa yi a rayuwata. Na yanka kowane sharaɗi na ajiye shi a ɗan fayil nasa daban. A cikin takardar kanta ba na sa komai sai sunayen mutane da kwanan wata da kwatancen gida, sa'an nan alama da sunan sharaɗin da ake so a wurin. Lokacin bugawa manhajar takan je ta ɗauko sharaɗi ɗaya, ta miƙa wa firinta, ta sake shi, ta koma ta ɗauko na gaba, kamar mai cika randa da bokiti ɗaya. A gilashi shafi uku, a takarda shafi goma sha biyar.

Sai dai manhajar ba ta yarda sunan fayil ya wuce harafi takwas ba. Gwada ka faɗi sharaɗin hana ɗan haya kiwon dabbobi cikin harafi takwas. Don haka kowane sharaɗi na raɗa masa sunan wanda ya jawo aka fara rubuta shi. MAIAKUYA. KATANGA. GOBARA. MAKARYAC, wanda na yanke wa wutsiya don ya shiga. Sharaɗi ɗari da arba'in da uku, duk a kaina suke. Sunayen nan ba sa fita a takarda, tsakanina ne da Tsohuwa, shi ya sa ban ji nauyin kowa ba wajen raɗa su.

A tsakiyar waɗannan ƴan fayiloli akwai guda da ba sharaɗi ba ne. Sunansa NAGAJI. Takardar ajiye aiki ce da na fara rubuta wa Babban Lauya shekara goma sha tara da suka wuce, ranar da ya yi mini tsawa a gaban mai kawo shayi. Ban miƙa ba. Amma duk ranar da aka taka ni sai in buɗe ta in ƙara sakin layi, in ji sanyi, in rufe. Wata ranar Laraba, shekara huɗu baya, na ƙara mata sakin layi mai daɗi a kan ɗan Lauya, na adana, washegari na zo buɗewa Tsohuwa ta ce babu isasshiyar ƙwaƙwalwa. Takardar ta yi mata girma. Na gwada duk lallashin da na sani, ta ƙi. Da farko na ji haushi, daga baya na ga ai alheri ne: ga kwaɗon da ko ni ba ni da mabuɗinsa. Ban share ta ba. Ban taɓa rubuta abin da ya kai ta kyau ba.

Ranar Talata Ƙaramin Lauya ya kawo abokin karatunsa, wanda kowa ke kira Injiniya, mutum mai turare kamar an fasa kwalba a lif. Ya zagaya Tsohuwa sau ɗaya hannu a aljihu.

"Baba, wannan kuma daga wane kabari aka tono ta?"

"Kusa da inda aka binne ladabinka," na ce.

Ya yi dariya, ya ce yana son tsofaffi masu baki, su ne ba sa mutuwa da wuri. Ya ce aikin awa ɗaya ne.

Kwana biyu ya yi. Sabuwar ba ta da ramin faifai, Tsohuwa kuma ba ta san irin wayoyin sabuwar ba, ba ta ma taɓa jin labarinsu ba. Sai da ya je ya aro wata ƴar na'ura mai karanta faifai, ya dinga jido, ya cika faifai a nan, ya juye a can, ya dawo. Na ƙirga masa sawu arba'in da ɗaya. Ban taya shi da komai ba sai da kallo, shi ma don kujerata can take fuskanta. A sawu na ashirin da wani abu na tuna NAGAJI na cikin kayan da ake kwasa. Amma ai ba ta buɗuwa, na ci gaba da shan shayina.

Da ya gama jido, sai ya ce bari ya tayar da tsohuwar manhajar a cikin sabuwar kwamfutar, a ci gaba da aiki yadda aka saba kafin a canja. Ya danna. Gilashi ya yi baƙi, layi ɗaya ya fito.

Babu isasshiyar ƙwaƙwalwa.

Ya sake dannawa. Ta sake faɗa masa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, kamar tabaraun ne bai da ƙwaƙwalwa. Ƙaramin Lauya ya fito ya tsaya a kansa yana tambayar ko ba wannan ce na'urar da aka ce masa ƙwaƙwalwarta ta ninka ta tsohuwar sau dubbai ba. Injiniya ya ce ita ce, kuma nan matsalar take. Ya yi bayani da gumi: wai manhajar idan ta tashi sai ta ƙirga ƙwaƙwalwar da ke akwai, amma lissafinta yana da iyaka, kamar mai ƙirga da yatsu. In adadin ya wuce yatsunta sai ta koma farko, ta ga ba komai. An shigar da ita gida mai ɗaki dubu, ta duba ta ce ba ta ga wurin shimfiɗa tabarma ba.

Na yi dariyar da na daɗe ban yi irinta a ofishin nan ba. Na ce wa Injiniya ya gwada zare linzamin, ko Allah zai sa a dace.

"Malam," in ji Ƙaramin Lauya, "ba a biyanka don dariya."

"Shi ya sa nake yinta kyauta, ranka ya daɗe."

Injiniya ya ce a manta da tsohuwar manhajar. Ya kawo wata da ke juya tsofaffin takardu zuwa irin na yanzu, ya sake ta a kan fayilolin gaba ɗaya. Kafin la'asar ya kira mu mu gani. Takardu sun buɗe a farin shafi, da ƴan tarkacen alamomi nan da can kamar kashin ɓera a buhun shinkafa, ya ce waɗannan sharewa kawai za a yi. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Na ga sunayen mutane, na ga kwanan wata, na ga kwatancen gida. Inda sharuɗɗa ya kamata su zauna kuwa ba komai sai sunayen da na raɗa, jere a tsaye, tsirara. Sabuwar manhajar ba ta san cewa aike ne ake yi mata ba. Ta ɗauka rubutu ne.

Ya kamata in yi magana. Na san haka a lokacin, ba sai yanzu ba. Na ce aiki ya yi kyau, na ɗauki jakata na tafi gida.

Ranar Alhamis Mai Gidaje ta zo. Gwauruwa ce, gidajen haya tara gare ta, rabin takardun da nake bugawa a shekara nata ne. Ta samu sabon ɗan haya, tana son takarda yau. Ƙaramin Lauya ya ce in zauna inda nake, shi zai fitar da kansa. Ya buɗe tsohuwar takardarta a sabuwar kwamfutar, ya canja suna da kwanan wata, ya share tarkacen da ya gani a shafin farko, ya buga. Shafi uku. Ya ɗaga su sama don in gani, ya ce da ƙarfi, ba da ni yake ba wai, ashe duk shekarun nan ɓarnar takarda ake yi.

Mai Gidaje ba ta sa hannu a abin da ba ta karanta ba, kuma da yatsa take karatu. Ƙofar ofishinsa a buɗe take, ina hango yatsan yana tafiya. Ya gama shafin farko. Ya shiga na biyu. Ya tsaya.

"Ɗana, wane ne mai akuya?"

Ya ce mene ne. Ta nuna masa. Ta ce ga katanga kuma, ga gobara, Allah ya tsare, ga wani maƙaryaci da ba a ƙarasa ba. Ta tambaya ko takardar haya ce wannan ko jerin waɗanda za su zauna a gidan. Yatsan ya ƙara sauka layi ɗaya, ya sake tsayawa, wannan karon bai motsa ba.

Akwai sharaɗin da ba ya fita a takardar kowa sai tata: ɗan haya ba zai buga ƙusa a bango ba sai tana tsaye a wurin, kuma ita za ta zaɓi ƙusar. Ranar da ta sa aka fara rubuta shi ta sa na sake buga shafin sau shida. A ƙarƙashin lamba ta goma sha huɗu yake zama, ta san wurinsa kamar yadda ta san ƙofar ɗakinta. A lamba ta goma sha huɗu yanzu abin da ke rubuce shi ne MAIMASIF.

Ta taso da takardar, ta tsaya a bakin teburina. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Akawu. Nan ne wurin maganar ƙusa."

"Nan ne."

"Shekara goma sha bakwai kana tashi tsaye kana gaishe ni."

"Ina yi."

"To ina sauran sunan? Ka fara zagi ka kasa ƙarasawa?"

"Harafi takwas kawai take ɗauka," na ce.

Ta dube ni sama da ƙasa. Sa'an nan ta juya ta gaya wa Ƙaramin Lauya cewa in Litinin ta yi ba ta ga cikakkiyar takarda ba, gidajenta tara za su tsallaka titi, akwai lauya a can mai sabon allo a ƙofa. Ta ninke shafukan uku ta sa a jaka, ta ce waɗannan nata ne, za ta ajiye.

Ko ƙarar takalminta ba ta ɓace ba ya rufe ƙofar waje. Ya ce ai na ga ramukan da ke cikin takardun tun ranar Laraba. Na ce idona ba kamar da ba. Ya ce na bar shi ya kunyata da gangan. Na ce an ce in zauna inda nake, na zauna. Ya ce in kunna tsohuwar in fitar da takardar yanzu. Na ce ai Tsohuwa ta kusa tafiya sito, ban so in gajiyar da ita. Haka muka yi ta yi, shi yana tsaye, ni ina kan kujerata mai gurguwar ƙafa, wadda nake tokarewa da tsohon littafin lambobin waya. A ƙarshe na faɗi abin da nake so: shekara biyu, a rubuce, da sa hannunsa. In ya ba ni, takardar Mai Gidaje za ta fito cikin minti ashirin, sharuɗɗa ɗari da arba'in da uku kuma in mayar masa da su sabuwar na'urar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ya dace da mai shekaruna.

"Garkuwa kake yi da ofishin mahaifina."

"Kula da shi nake yi, ranka ya daɗe. Da can ma haka ake kiran aikin."

Ya ce zan ji daga gare shi.

Na isa gida da tafiyar wanda ya ci zaɓe. Uwar yara tana yankan albasa na ba ta labari, ban rage komai ba sai ma ɗan ƙari. Ba ta ɗago ba. Ta ce mutumin da ya kwana uku yana neman tabaraunsa a cikin firji, wai shi ne yau yake riƙe da ofis a kansa. Ta tambaya ko waɗannan sharuɗɗa a rufe suke da kwaɗo. Na ce a'a, amma ba wanda ya san wanne ne wanne. Ta ce to in mutum ya iya karatu fa. Na ce ba ta fahimci harkar ba. Ta ce haka ne, ita albasa kawai ta fahimta, ta miƙo mini wuƙa.

Ranar Juma'a Injiniya ya dawo, ba turare sosai, idanu jajaye. Ya yi wata dabara da ni kaina sai da na yaba, a ciki. Ya gina wa tsohuwar manhajar ɗan ƙaramin ɗaki a cikin sabuwar kwamfutar, mai ƙunci, ba taga, ya yi mata ƙaryar cewa duniyar ke nan gaba ɗaya. Ta tashi, ta ƙirga da yatsunta, lissafi ya yi daidai, ta buɗe. Baƙin gilashi, korran haruffa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji kamar na ga matata tana dariya da wani a kasuwa.

Firinta ta ba shi wuya, don manhajar yaren tsohuwar firinta kaɗai ta iya, amma kafin azahar ya samo mata tafinta. Takardar Mai Gidaje ta fito shafi goma sha biyar, da ƙusarta da komai. Ya ajiye mini a tebur kamar mai ajiye wa kare ƙashi.

"Baba, ka duba ko akwai wani zagin da ya ɓuya."

Na duba. Babu kuskure, na nema kuwa. Na tambaye shi, kamar ba komai, nawa ne girman ƙwaƙwalwar wannan ɗan ɗaki. Ya ce daidai da ta Tsohuwa, ko ƙwayar gero bai ƙara ba, don in ya ƙara sai ta rikice. Na ce madalla. Ashe NAGAJI ko a nan ba za ta buɗu ba. Na kuma lallashi kaina cewa buga tsohuwar takarda daban, haɗa sabuwa daban. Wannan sai wanda ya san MAIAKUYA daga KATANGA. Da wannan na ci hutun ƙarshen mako.

Litinin da safe na tarar da teburina a share. Tsohuwa tana ƙasa, an nannaɗe wayoyinta an ɗaure da roba. Ƙaramin Lauya ya kira ni ciki, ya nuna mini kujerar baƙi, wadda ban taɓa zama a kai ba. Gabansa akwai takardu kashi biyu. Ya tura mini na farko. Jeri ne, shafi huɗu: tsohon suna a hagu, sabon suna a dama, da abin da kowane sharaɗi ya ƙunsa. Ya ce ranar Asabar ya zo da fulas ɗin shayi, ya zauna ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya karanta, don kada wata rana wani abokin hulɗa ya sake cin karo da sunansa. Ya fara da hantsi, ya gama kafin la'asar.

Shekara ashirin da shida, Asabar ɗaya da fulas ɗin shayi. Na nemi kuskure a jerin. Ya ma gyara mini biyu da na daɗe ina rikitawa.

"Ɗari da arba'in da uku ka ce," in ji shi. "Na samu da huɗu."

Ya ce guda ya ƙi buɗuwa a ƙaramin ɗakin, ya ce masa babu ƙwaƙwalwa. Ya ɗauka wani muhimmin sharaɗi ne, tunda ya fi kowanne girma. Sai ya tuna Injiniya ya riga ya juya komai tun ranar Laraba, ya fito da shi tsakar gida, ya buɗe da sabuwar manhajar. Ko tari ba ta yi ba.

Ya jawo kashi na biyu. Shafi goma sha uku. Ban taɓa ganinta a kan takarda ba. Abin kunya, abu na farko da ya zo mini shi ne ta yi kyau.

Bai karanta duka ba. Ya tsallake maganar tsawa a gaban mai shayi, ya tsallake fankar da aka juya wa teburina baya shekara tara, ya ɗan tsaya a kan biskit ya wuce. Ya je shafin ƙarshe, ya karanta a hankali, da muryar kotu.

"Game da ɗanka kuwa, ranar da ya hau kujerarka ina ba ka shawara ka sayar da allon ƙofa tun yana da daraja, domin ko takardar hayar akurkin kaji ba zai iya fitarwa ba sai an riƙe masa hannu."

Ya ɗago. Na ce a lokacin bai gama karatu ba. Ya ce ya lura da kwanan watan. Na ce in za a yi adalci, abin da ya faru ranar Alhamis bai ƙaryata ni ba. Wannan ita ce maganar da bai kamata in yi ba, kuma ita kaɗai ce a cikin watan nan ba na nadamarta.

Ya buɗe shafin farko ya juyo mini da shi. Layin da na fara da shi shekara goma sha tara baya yana nan yadda na bar shi: ina sanar da ajiye aikina daga ƙarshen wannan wata. Ya ce shi ba zai kori mutumin da ya yi wa mahaifinsa hidima ba, mutane za su yi magana. Amma wanda ya nemi tafiya da kansa, a rubuce, da dalilai har shafi goma sha uku, zalunci ne a riƙe shi. Ya ɗora biro a kan takardar. Ya ce in ban so in sa hannu a wannan ba, akwai shafuka ukun da ke jakar Mai Gidaje, za a iya rubuta wata takardar daban a kansu, ba kuma zan so kalmomin da za su fito a ciki ba.

Na tambaya ko Babban Lauya ya sani. Ya ce ranar Lahadi ya karanta masa ita tun daga farko har ƙarshe.

"Me ya ce?"

"Ya yi dariya da ɓangaren bakin da ke aiki. Ya ce maganar gurguwar kujerarka gaskiya ce, ya yi alkawarin gyarawa bai gyara ba. Ya ce a ba ka ita."

Na ɗauki biron. Kafin in sa hannu na nuna masa cewa sabuwar manhajar tasa ta rikita lambobin sakin layi, bayan bakwai ta koma ɗaya, kuma ban saba sa hannu a aikin banza ba. Ya dube ni, ya jawo kwamfutar, ya yi ta fama minti goma sha biyar ina zaune ina kallonsa. Da ya gyara bakwai sai tara ta gudu. Ban taimake shi ba. Da ya gama ya buga kwafi biyu, na sa hannu a duka, ya ba ni ɗaya.

Tsohuwa ma aka ce in tafi da ita, a rage wa sito kaya. Injiniya na bakin ƙofa lokacin da nake fita da kaya. Ya ce zai taya ni ɗaukar Tsohuwa zuwa mota. Na ce ya bar ta, ba ta son turare. Sawu uku na yi: ita, gilashinta, sai kujerar. Littafin lambobin wayar na bar musu.

Uwar yara ta karanta takardar a tsaye a ƙofar kicin, shafi goma sha uku, ba ta zauna ba. Sau biyu ta yi dariya, sau ɗaya ta koma baya ta sake karanta wani wuri. Da ta gama ta ce ashe duk wannan bakin ina da shi, na ɓoye shi a cikin akwatin ƙarfe, na dinga dawo mata gida da fuska kamar ƙofar kurkuku. Ta ce kwamfutar ba za ta shiga ɗakin kwana ba, kujerar kuma ba za ta shiga gidan ba sam.

A baranda na jona Tsohuwa, a kan teburin guga. Na zare linzami, na hana ta tayar da komai sai manhajar, na jira ta gama nishinta. Na rubuta NAGAJI, na danna.

Babu isasshiyar ƙwaƙwalwa.

Uwar yara ta leƙo ta tambaya me ta ce. Na ce ta ce ba ta san zancen ba. Ta ce in na gama hira da ita in nemo bulo in tokare kujerar, kada in faɗi in ƙara mata aiki.